Dabinon da Aka Ajiye wa Malam Mode

Murar ta kama Malam Mode tun ana dashen albasa. Ta kwantar da shi da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, ta yi abin da za ta yi, ta sake shi. Yanzu har an fara cire albasar, buhuna sun cika bakin titin Bodinga, tsohon yana cin tuwo yana neman ƙari. Amma likita ta ce murar tana nan.

Maniru ne ya ji maganar da kunnensa, don shi ke ɗaukar mahaifin nasa a kekensa mai ƙafa uku zuwa asibiti a Sakkwato. Shekara ta kusa zagayowa ana ƙara wa Malam magani ta jijiya saboda ciwon daji na jini. Maganin ya zubar masa da gemu, ya bar shi siriri kamar kara. Tun da murar ta zo, duk zuwa sai a zura masa tsinke mai auduga a hanci, a kai ɗakin gwaji.

Likitar, Dakta Rashida, 'yar gajeruwa ce, Hausarta ta Kano.

"Baba, jininka ya ɗan gyaru," ta ce.

"Alhamdu lillahi." Malam ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Daga nan bai ƙara sauraron komai ba.

Ta juya ga Maniru. "Amma gwajin hanci har yanzu yana nuna ƙwayar murar."

"Ai ya warke."

"Ya daina jin ta. Ba ta daina fita daga jikinsa ba. Ni da kai, in ta kama mu, kamar mako guda jiki ya kore ta. Shi maganin da muke ba shi ya kwantar da garkuwar jikinsa, sai ƙwayar ta samu wurin zama. Tana fita a numfashi, a yawu, a majina."

"Har yaushe?"

"Wani makonni. Wani watanni."

"Shi hwa?"

"Ban sani ba."

Maniru bai taɓa jin likita ya ce bai sani ba. Ya tsaya yana jiran sauran maganar. Babu saura, sai tambaya.

"Akwai jariri a gidan, ko mai ciki?"

Malam na zaune a gefensa, gwiwarsu na gogar juna. Juwairiyya, matar Maniru, tana Shagari gidan iyayenta goyon ciki, cikin fari, watan haihuwa ya kama. Ba a gidan take ba. Ko da ma a gidan take, da wane baki zai ambaci cikin matarsa a gaban ubansa?

"Babu," ya ce.

"To madalla. Su ne abin tsoro."

Ya yi ta juya maganar a hanya. Mutum ya warke, kuma bai warke ba. Inna Tani, mahaifiyarsa, ta yi mura ta tashi. Gwaggo Indo, ƙanwar Malam da ke gidan maƙwabta, ita ma ta yi. Limamin unguwa da ke zuwa dubiya ya yi. Amma rabin Bodinga ma sun yi, har waɗanda ba su taɓa taka zauren Malam ba. Shi da ke kinkimar tsohon a kafaɗa ko atishawa bai yi ba. In da abin na fita a numfashi, ai shi ya kamata ya fara faɗuwa.

Ranar wata Talata da hantsi waya ta shigo daga Shagari. Namiji. Inna ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, Maniru ya sunkuyar da kai ya fice kamar wanda aka kama da sata. Haka ake yi. Ɗan fari ba a yi masa murna a fili. Ba ka ɗaukarsa, ba ka kiran sunansa, in ana maganarsa sai ka tashi. A tashar keke abokai suka yi masa caa, wani ya cire masa hula, wani ya ce daga yau sai a riƙa gaishe shi a durƙushe. Ya yi dariya. Cikinsa fari tas.

Da yamma ya dawo ya tarar an wanke babbar rigar Malam an shanya. Inna na ba Gwaggo Indo labari, ba ta ko kalle shi ba, amma da ƙarfi take yi don ya ji. Surukinsa, Alhaji Hamza, ya yi wa yaron huɗuba a kunne tun da ya faɗo. Dabino ne dai bai ba shi ba. Ya ce wannan na Malam ne, za a ajiye masa har ranar suna.

A gidansu Maniru, duk jaririn da aka haifa, Malam ne ke tauna dabino har ya yi laushi, ya lakato da yatsa, ya goga masa a dasashi da addu'a. Ya yi wa 'ya'yansa, ya yi wa jikokinsa na wajen mata, har maƙwabta na kawo nasu. Alhaji Hamza ya san haka. Girmamawa ce ya yi.

Maniru ya tsaya a bakin rijiya da guga a hannu. A yawu, in ji likita.

Washegari ya bi Gwaggo Indo gidanta. Ita ce kaɗai yake iya yi wa magana ba tare da ya kalli ƙasa ba. Tana tsince gero a faifai.

"Gwaggo, zancen baƙon ga da anka samu a Shagari."

"Wane baƙo?" Ta san wane. So take ta ji ya faɗa.

"Kin sani."

"To, angon ƙarni, mi as same shi?"

"Dabinon ga. Likita ta ce bai kamata Baba shi matsa kusa da jinjiri ba."

Ta ajiye faifan. "Maniru. Ni da kaina nit tambayi likitan farko, yac ce ciwon ga ba shi kama kowa. Yanzu kai za ka fara ƙyamar ubanka?"

"Ba ciwon ba. Mura."

"Wace mura?"

"Wadda yay yi."

"Wadda yay yi tun ana sanyi? Ka ji shi shina tari?"

"A'a."

"Ka ga majina?"

"A'a. Amma tana ciki."

"Tana ciki tana mi?"

Yadda likitar ta jera maganar, ta zauna daidai. A bakinsa ta koma zancen aljanu.

"Tana hita," ya ce.

"Tana ciki, tana hita, kuma ba a ganinta." Gwaggo ta ɗauki faifanta. "To na ji. Zan yi musu magana."

Ta yi, amma sai da ta gyara maganar yadda za ta shiga kunne. Da magariba Malam ya kira shi zaure, fuskarsa a sake.

"An ce kana tsoron hanya ta wahal da ni. Allah shi yi maka albarka. Bodinga da Shagari ai ba tahiya ba ce. Ni da nit tahi Sakkwato ana tsiyaya mini guba a jijiya, na dawo da ƙahwata?"

"Haka ne, Baba."

"Ka duba mai da taya."

"To, Baba."

Maniru ya kira Juwairiyya a waya. Ƙanwarta Maryam ce ta ɗauka, ta ce ga uban yaro, mata suka kwashe da shewa a ɗakin. Sai da aka daɗe kafin ya ji muryar matarsa, can ƙasa, tana magana kamar a cikin tulu. Ya gaya mata komai, a gurguje.

Ya ji kukan jaririn a bayanta, siriri, kamar na mage. Karon farko ke nan da ya ji shi.

"Ba ka gaya ma likitar ina da ciki ba?"

"Shina zaune."

"To ni in ce mi? In ce ma Babanmu kada surukinai shi taɓa min ɗa? Ni ko ɗaukarsa ban yi a gaban Inna sai an tilasa ni."

"Ki ce ba shi da lahiya."

"Kada ka yi mai baki." Ta ja numfashi. "Ka tabbata ma abin na nan?"

"Ban tabbata ba."

"To ka tabbata."

Ranar Juma'a ya bar lodi a tasha ya tafi Sakkwato shi kaɗai. Ya zauna a benci har aka gama ganin marasa lafiya. Dakta Rashida na haɗa jakarta ya shiga. Sakamakon tsinken ƙarshe ya fito, ta ce, kuma yana nan yadda yake.

"Sai dai in gaya maka gaskiya," ta ce, "wannan gwajin ba ya bambance mai rai da matacciya. Wani lokaci ɓurɓushinta yake gani, ita ta riga ta mutu."

Maniru ya gyara zama. "To ƙila ta mutu."

"Ƙila."

"Ke nan ba shi ba kowa."

"Ban ce ba. A irin su Baba, sau da yawa mai rai ce."

"Likita, shina yaɗawa ko ba shi yaɗawa?"

"Ba zan iya ce maka ba ya yaɗawa ba."

Ya kalli bango. Akwai hoton huhu a manne, ja da shuɗi. Sai ya gaya mata zancen jaririn, yana kallon huhun.

"Ai na tambaye ka."

"Ba a gidan yake ba."

Ta ajiye jakar. Ta ce jaririn da bai yi wata shida ba, ko allurar rigakafin mura ba a yi masa, kuma in ta shiga ƙirjinsa abin ba ya zuwa da sauƙi. Ta ce Baba ya sa takunkumi, ya tsaya nesa, ya yi addu'arsa daga can. Da ya kawo zancen dabino, ta dube shi ta daɗe.

"A'a," ta ce. "Wannan kam na sani. A'a. Ka ce masa ni na hana."

Ta ba shi takunkumi guda biyu. Ya sa a aljihu. A hanya ya yi ta gwada maganar a bakinsa. Baba, likita ta hana. Ta hana me? Ta hana ka taɓa wa? Duk ta inda ya biyo sai ya zo kan kalmar da ba ya iya faɗa. Kuma in ya faɗa, tsohon da ya ga gemunsa ya zube bai ce uffan ba zai ji daga bakin ɗansa cewa yawunsa ya zama abin gudu. A kan ƙwayar da ƙila ma ta mutu.

Jajibirin suna ya zare filogin keken ya ɓoye a cikin randar da ba a amfani da ita. Ya yi ta tayarwa a ƙofar gida, keken na tari ba ya kamawa. Malam ya leƙo.

"Ya ƙiya?"

"Ya ƙiya, Baba. Sai bakanike ya gani."

"Ba komi. Mu shiga bas."

Maniru ya hango bas ɗin Shagari, mutum a kan mutum, tagogi a rufe, mata da goyo. Ya koma ya ciro filogin ya share ya mayar.

Da sassafe suka kama hanya. Malam a baya cikin babbar riga da rawani, Gwaggo Indo a gefensa rungume da ƙullin turamen atamfa. Inna ta riga ta tafi tun jiya. Da suka wuce mahadar Sifawa Maniru ya miƙa takunkumi baya ba tare da ya waiga ba.

"Likita tac ce ka riƙa sawa cikin jama'a."

"Don kada su ba ni cuta?"

Maniru ya zuba wa titi ido. "Awo."

Malam ya sa. Kafin su isa Shagari ya sauke shi ƙarƙashin haɓa, ya ce yana hana shi tasbihi.

Ƙofar gidan Alhaji Hamza cike take da tabarmi. Aka taso aka tari Malam, hannu bibbiyu, wannan ya sake wannan ya kama. Maniru na ƙirga hannuwan har ya daina. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya: Zainulabidin. Aka shafa, aka raba goro, aka ja rago bayan gida.

A nan ya kamata Maniru ya ɓace. Abokansa da suka biyo shi daga Bodinga sun shimfiɗa tabarma a wani shago can gaba, suna yi masa hannu. Bai je ba. Da Alhaji Hamza ya kama hannun Malam suka shiga soron ciki tare da dattawa uku, sai ya bi su ya tsaya a bakin ƙofa. Wani daga cikinsu ya dube shi, ya dubi ɗan'uwansa.

Aka kawo dabino a ɗan faranti. Malam ya cire takunkumin gaba ɗaya ya sa a aljihu. Ya zaɓi guda, ya ɓare, ya fitar da ƙwallon, ya yi bisimilla. Haƙoransa sun ragu, taunar ta ɗauki lokaci. Soron ya yi tsit, sai motsin muƙamuƙinsa.

Tsohuwar ungozoma ta fito daga cikin gida da jaririn naɗe a farin zane. Sai ta wuce ta gaban Maniru kafin ta isa tabarma. Bai shirya komai ba. Hannuwansa ne suka fita, suka karɓe ƙunshin daga hannunta. Ta saki don mamaki.

Ba nauyi. Ɗumi kawai.

"Kai, yaran zamani," in ji ɗaya daga cikin dattawan, aka yi dariya. "Ko kunya babu. To miƙa ma kakanai."

Maniru bai motsa ba. Dariyar ta yi ƙasa, ta mutu.

Malam ya riga ya lakato dabinon a ɗan yatsansa. Ya ɗago hannun. "Kawo shi."

"Baba."

"Na'am."

"Murar ga ba ta tahi ba. Likita tac ce tana cikin yawunka. In ta shiga ƙirjinai..." Ya ƙara rungume ƙunshin. "Ɗana ne, Baba. Kada ka sa mai."

Ba wanda ya taɓa jin an faɗi haka a soro. Ungozomar ta kama haɓa. Daga bayan labule, inda mata suka taru suna leƙe, wata ta ja salati a hankali, Maniru ya gane muryar Inna.

"Ni na warke," Malam ya ce. Ba da faɗa ba. Kamar mai tambaya.

"Ka warke."

"To?"

"Tana nan duk da haka. Ko kuma ta mutu, gawarta ce. Ba su sani ba."

"Ba su sani ba."

"A'a."

"Kai ka sani?"

"Ban sani ba, Baba."

Malam ya dubi yatsansa. Ya dubi ƙunshin zanen da ke ƙirjin ɗansa. Alhaji Hamza ya gyara murya ya fara cewa ai cuta da lafiya duk na Allah ne, Malam ya ɗaga masa hannun hagu, Alhaji ya katse maganar. Tsohon ya mayar da yatsan bakinsa, ya tsotse, ya haɗiye. Ya goge hannun a cikin rigarsa, can ciki inda ba a gani. Sannan ya tura farantin gaban surukin.

"Alhaji, kai ka yi."

"Malam, wallahi ni ban..."

"Yi. Kada rana ta yi."

Malam ya dafa bango ya tashi, ya ƙi hannun da aka miƙa masa. Ya ja da baya har ƙofar waje, inda iska ke shigowa. Daga can ya ɗaga tafukansa ya yi addu'ar da yake yi wa kowane jariri, duka, bai rage ko kalma ba. Ƙarshenta akwai tofi. Da ya zo wurin sai ya tsaya, leɓɓansa a tattare, ya juya kai ya fita.

Alhaji Hamza ya tauna nasa dabinon. Maniru ya riƙe yaron aka goga masa. Sannan ungozomar ta fizge shi tana gunaguni, ta shige ciki.

Malam bai tsaya cin naman suna ba. Ya ce gajiya. Gwaggo Indo ta ce ita tana nan sai gobe, ta wuce Maniru kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu a aljihu, Juwairiyya ce, bai ɗauka ba. Bai san ko godiya za ta yi ko kuka ba, kuma bai san wanne ya cancanta ba.

Su biyu suka juyo. Rana ta ɗaga. Gonakin albasa na wucewa, mata da maza a duƙe suna yanke ganye. A madubi yana ganin tsohon a takure a kusurwa, ya mayar da takunkumin har kan hanci, ba wanda ya ce ya sa. Maniru na jiran faɗa. Ya fi son faɗan. Aka wuce ƙauye ɗaya, aka wuce na biyu, ba abin da ya zo.

Sai da hasumiyar masallacin Bodinga ta bayyana Malam ya yi magana, muryar a toshe cikin ƙyallen.

"Wa yaɗ ɗauko?"

Maniru ya rage gudu. "Na'am?"

"Yaron. Daga inda nike ban ga komi ba sai zane. Mu yab biyo ko su?"

Maniru ya nemi fuskar yaron a ransa. Ya tuna ɗumin. Ya tuna yatsan Alhaji Hamza, da ɗan bakin da ya buɗe. Sama da bakin babu komai.

"Ban duba ba, Baba."

"Ka riƙe shi duk tsawon wanga lokaci ba ka duba ba?"

"Kai nike kallo."

Malam ya yi wani sauti a maƙogwaro, ko dariya ko wani abu. Ya juya fuskarsa waje, wajen gonaki.

"In ka koma ka duba," ya ce. "Ka zo ka gaya min."